Surin da ke tsakiyar gonata, in an cire uwar gara shi ke nan?

Ɗan Taura: Assalamu alaikum. Don Allah dattawan gidan nan da masu ilimin noma ina da tambaya. Akwai wani ƙaton suri a tsakiyar gonar da na karɓa jingina bana, ya fi ni tsayi, shanun huɗa sai sun yi ta kewaye shi kunya ta karkace. Wani mutum ya ce in biya shi ya haƙa ya ciro min uwar garar, wai da an ɗauke ta duk sauran watsewa za su yi don ita ce ke ba su umarni. Gaskiya ne? Kuma wai da gaske suna da sarki da sojoji ko dai zancen tatsuniya ne? Ga damina ta matso ba na son in zubar da kuɗi a banza

Sale Mai Shanu: Wa alaikumus salam. Uwar gara kam akwai ta, da idona na gani. Muna yara aka fasa wani suri a bayan gari za a yi gini a wurin, sai da aka yi haƙa har ƙugu kafin a kai ga wani dunƙulen ƙasa mai taurin tsiya, da aka sare shi da gatari sai ga ta kwance a ciki, fara sol, ciki dam yana ta motsi, kai kuwa ɗan mitsitsi. Ko tafiya ba ta iyawa. Akwai wani ɗan baƙi-baƙi a gefenta da ya ruga ya shige ƙarƙashinta, manya suka ce mijin ne.

Maman Ummi Ringim: Wayyo Allah, tsigar jikina har ta tashi. Malam Sale ku kuma tsayawa kuka yi kuna kallo?

Sale Mai Shanu: Hajiya ai kaji muka jefa wa ita hhhh

Habu Malamin Gona: Malam Sale ya faɗi daidai, wanda ya gani a gefenta sarkin ne. Ɗan Taura bari in ɗan yi maka bayani don abin yana da tsawo. Garar da ke gina irin wannan dogon surin a ƙasarmu dangin da masana ke kira Macrotermes ce, kuma an yi bincike sosai a kanta a nan Najeriya, a Mokwa ta jihar Neja, tun shekarun 1970. Gida ɗaya yakan tara ɗaruruwan dubbai har ya haura miliyan, kuma dukkansu 'ya'yan waɗannan biyun ne da Malam Sale ya gani. Uwar takan kai santimita 10 a tsayi, aikinta ƙwai kawai, idan ta ƙasaita tana iya zuba wajen 30,000 a rana ɗaya, kuma tana yin shekara 15 zuwa 20 a raye alhali ma'aikatan 'yan watanni suke yi su mutu. Ɗakin da take ciki ƙofofinsa ƙanana ne, ma'aikata ne kawai ke iya shiga da fita, su ke ba ta abinci a baki, su lashe mata jiki, su kwashe ƙwan su kai wurin reno. Amma maganar ba da umarni, a nan mutumin naka ya ƙara gishiri. Ba ta san ma me ake yi a waje ba. Abin da aka sani shi ne jikinta yana fitar da wani sinadari da ke yawo a gidan ta hanyar lasa da ciyar da juna, shi ke sanar da kowa uwa tana nan, ya hana wasu tashi su zama masu haihuwa.

Bala Direba: Wato dai sarauniyar ma a kurkuku take. Shekara ashirin ba fita ba shan iska, ni kam a kai kasuwa wannan sarautar

Ɗan Taura: Malam Habu na gode. To amma in ba ita ke tsarawa ba wa ke tsarawa? Don wallahi na taɓa sarar gefen surin da fartanya da yamma, da safe na zo na tarar an liƙe wurin da ɗanyar ƙasa tsaf. Dole akwai wanda ya ce ku je can an yi ɓarna.

Injiniya Wudil: Babu wanda ya ce, wannan shi ne abin mamakin. Ma'aikatan nan makafi ne fa, ba su da ido. Da ka fasa bango iskar waje ta shiga, waɗanda ke kusa su ke fara ji, sojoji su fito su tsaya a bakin wurin, wasu su riƙa buga kai a ƙasa, wannan girgizar ce ke kai labari can ciki. Sai ma'aikata su taho kowa da ɗan curin laka a baki da ya kwaɓa da yawu, inda ya tarar wani ya ajiye nasa nan shi ma zai ɗora. Wani Bafaranshe Pierre-Paul Grassé shi ya fara bayyana wannan a 1959, ya nuna aikin da aka riga aka yi shi ke nuna wa na baya inda zai ci gaba, ba shugaba ba. Mu a wajen gini in babu fomen ko bulo goma ba za a jera daidai ba.

Alaramma Gaya: Injiniya ka ce babu wanda ya ce, ni kuma na ce akwai, wanda ya halicce su ne ya kimsa musu. Yadda Allah ya ba da labarin kudan zuma a Suratun Nahli cewa ya yi mata wahayi ta riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa. Kuma gara ba baƙuwa ba ce a tarihi. A Suratu Saba'i, aya ta 14, Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa aljanu suna ta aiki ba su sani ba, sai da dabbar ƙasa ta ci sandar ya faɗi, malaman tafsiri suka ce gara ce. Haka takardar ƙauracewa da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba, ita ta cinye ta ta bar sunan Allah kawai.

Injiniya Wudil: Allah gafarta Malam ba mu saɓa ba, ni a cikin su nake nufi babu mai ba da oda.

Alaramma Gaya: To madalla.

Ɗan Fulanin Jahun: Ni sojojin nan na sani ba labari ba. Masu jan kan nan in ɗaya ya kama maka yatsa sai jini, kuma ko ka fizge jikin kan yana nan maƙale bai saki ba. Amma akwai wata gara a makiyaya mai ɗan ƙaramin suri da ke yanke ciyawa tana tarawa, nata sojojin ba sa cizo, kansu tsini gare shi suna feso wani abu mai danƙo mai wari. Ko iri ɗaya ne?

Habu Malamin Gona: Ba iri ɗaya ba ne, waccan Trinervitermes ce, ciyawa take ci, fesawar don tururuwa ne ya liƙe musu ƙafafu. Nau'in gara a duniya ya kai wajen 3,000 ai. Kuma sojan nan mai jan kai da kake gani da duk ƙarfinsa ba ya iya cin abinci da kansa, muƙamuƙin ya yi girma, sai ma'aikaci ya ɗura masa. Wani abin kuma, a irin ta dogon suri sojojin mata ne, manyan ma'aikata maza, ƙananan ma'aikata mata. Ba kamar tururuwa da zuma ba da ma'aikatansu duk mata ne, namiji da ya yi barbara sai mutuwa. Ita gara sarkin yana nan tare da matarsa har ƙarshe.

Maman Ummi Ringim: Ahaf, ashe matan ne ke tsaron gida. Maza ku ji da kyau

Bala Direba: Hajiya ai shi ya sa cizon ba sakewa

Maman Ummi Ringim: Bala Allah ya shirye ka. Ni dai abin da ya haɗa ni da gara shinge ne. In aka yi ruwan farko mai ƙarfi da magariba ta yi sai ka ga sun cika gindin fitila, mu sa baho da ruwa a ƙasa su yi ta faɗawa, a wanke a zuba a kasko ba a sa mai don da mansu suke zuwa, a shanya a sheƙe fukafukan, ɗan gishiri da yaji. Yaran yanzu wai ƙyama suke ji. Shin su ma daga cikin surin suke fitowa ko daban suke?

Habu Malamin Gona: Daga ciki suke Hajiya, su ne 'ya'yan sarauta in ana so a ce haka. Su kaɗai ke da ido da fukafuki, ana renon su a ciki har sai ƙasa ta jiƙa sannan ma'aikata su buɗe musu ƙofofi su fita lokaci guda. Tashin ba nisa, da sun sauka sai su karya fukafukan, mace ta ɗaga gindi ta saki ƙamshi, namiji ya same ta ya bi ta a baya tiƙis-tiƙis har su sami inda za su tona su shige su toshe. Wannan shi ne farkon sabon gida. 'Ya'yan farko su biyun ke renon su, daga nan kuma 'ya'yan su karɓi aiki. Amma kusan duka ba sa kaiwa nan, tsuntsaye, jemagu, kwaɗi, ƙadangaru, tururuwa, ga kuma su Hajiya da baho.

Ummu Sadiq: To wai ma ya halatta a ci? Ni tun ina yarinya nake wannan kokwanton.

Alaramma Gaya: A wajen malamanmu na Malikiyya ƙwarin ƙasa sun halatta idan an kashe su da niyya kamar yadda ake yi wa fara, matuƙar ba sa cutarwa. Wasu mazhabobin ba su yarda ba. Wanda ransa bai kwanta ba ya bari.

Garba Mai Gyaɗa Sumaila: Ku kuna ta shinge da yaji mu gara ta gama da mu. Bara gyaɗata tana cikin kyau ruwa ya ɗan ɗauke wajen ƙarshen damina, sai na ga tana bushewa tsilli-tsilli, in ka tuge sai ka ga saiwar fanko an cika ta da ƙasa, ɓawon kuma an kankare shi. Ɗan Taura ka fasa shi kawai, ka zuba magani, kar ka tsaya sauraron tarihi.

Habu Malamin Gona: Malam Garba akwai suri a gonar taka?

Garba Mai Gyaɗa Sumaila: Babu, ko a maƙwabta ban gani ba

Habu Malamin Gona: To ka gani. Wadda ta yi maka wannan aikin kusan tabbas 'yar ƙaramar nan ce Microtermes, ita ba ta gina komai a sama, gidanta a warwatse yake a ƙarƙashin ƙasa, ta saiwa take shiga ta cinye cikin gyaɗa ko masara ta bar shi tsaye. Kuma tana tsananta ne in shuka ta ji ƙishi ko an bar gyaɗa ta wuce lokacin cira. Ɓawon da ta kankare nan ma funfuna ke samun hanya, gyaɗar ta yi ɗaci ta zama guba. Ta dogon suri ita ma tana yanke yabanya wani lokaci ba na ce waliyyiya ba ce, amma yawancin abincinta matacce ne, kara, ganye, itace, kashin shanu. Sai mutum ya kashe kuɗi ya rushe suri 'yar ƙaramar tana nan ta ma samu fili, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Garba Mai Gyaɗa Sumaila: Malam ni duk gara gara ce, ban ga wadda ta taɓa kawo min buhu ba

Baba Na Kazaure: Garba ɗana ka yi haƙuri in sa baki. Mu da muka tashi iyayenmu ba sa rushe suri a gona sai dole. Je ka dubi dawar da ke kewayen tsohon suri ka dubi ta nesa da shi, ba sai an gaya maka ba. Ƙasarmu ta nan rairayi ce ba ta riƙe ruwa, su kuwa daga can ƙasa suke hawo da yumɓu. In suri ya mutu mukan farfasa shi mu watsa a gona, mata kuma su ɗiba su yi daɓen ɗaki da murhu. Masu haƙar rijiya na da ma suna duba inda suri ya yi yawa don sun san ba ta zama inda ba za ta kai ga laima ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ta kusanci rumbu, wannan kam ba sulhu, shi ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu a riƙa share ƙarƙashinsa ana zuba toka.

Injiniya Wudil: Baba ya tuna min da mutumin Burkina Faso ɗin nan Yacouba Sawadogo da ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta zama fako. Ramuka yake tonawa da rani ya zuba taki, takin ya jawo gara, ita kuma ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwa in ya zo sai ya nutse maimakon ya gudu. Har lambar yabo ta duniya aka ba shi a 2018. Mutanen Nijar ma suna yi, wajen Tahoua.

Ummu Sadiq: Ku dai kuna yabon ta don ba ta shiga akwatinku ba. Mu ɗakin soro ne, muka yi tafiya muka dawo ta bi bango ta shiga ta cinye takardun makarantar yara da atamfofi biyu na cikin lefe, daga waje lafiya lau sai da na ɗaga na ga ƙasa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Ummi Ringim: Allah ya mayar da alheri 'yar uwa. Ki daina jingina kaya da bango, ki ɗora a kan bulo ko benci na ƙarfe, kuma da kin ga 'yar hanyar ƙasar nan tana hawa bango ki kankare ta nan take kar ki ce sai gobe.

Injiniya Wudil: Shi ya sa magina na da suke nace wa azarar giginya, ba ta cika iya mata ba. Katakon yanzu kuwa in ba a shafe shi da magani ko baƙin mai ba kafin a ɗora kwano, sadaka ka yi mata.

Ɗan Taura: Jama'a an tafi an bar ni a gona fa. Tambaya ta biyu, wani ya ce min a cikin surin akwai abinci da suke nomawa, wannan ma na ɗauka wasa ne

Sale Mai Shanu: Ba wasa ba ne. Wanda muka fasa ɗin nan cike yake da wasu curarruka masu huji-huji kamar saƙar zuma, da ɗumi, da ɗigo-ɗigon fari a jiki.

Habu Malamin Gona: Ita ce gonar tasu. Itace da kara suna da wuyar narkewa, to sai manyan ma'aikata su yo su daga waje, matasan da ke ciki su ci su kasayar, da wannan kashin ake gina abin da Malam Sale ya gani. A kai wani irin naman kaza ke tsiro da ake kira Termitomyces, shi ke ruɓar da itacen ya mai da shi abinci, farin ɗigon nan shi ne, su ci shi su kuma ci tsohuwar saƙar. Shi ba ya rayuwa sai a gidansu su ma ba sa rayuwa sai da shi. Masana sun ce wannan noman ya faro ne a dazukan Afirka wajen shekara miliyan 30 da suka wuce. Kuma duk tsayin nan da ke tare wa Ɗan Taura garma ba a nan suke kwana ba, gidan yana daga ƙasa, na saman hanyoyin iska ne, rana ta dumama bango iska ta zagaya ta fitar da gurɓatacciya, cikin ya tsaya wajen digiri 30 don naman kazan ba ya son zafi ya yi ta hawa da sauka. Abin da ya fi burge ni, a irin wannan ta dogon surin, angon ne ke haɗiyo irin naman kazan daga gidan iyayensa ya tafi da shi a ciki ranar tashi, da shi za a fara sabuwar gona.

Bala Direba: Wato har da kayan sa lalle yake tafiya, ba ragon ango ba ne

Injiniya Wudil: A Harare ta Zimbabwe akwai wani katafaren gini Eastgate da aka buɗe a 1996, mai zanen Mick Pearce daga suri ya ɗauko dabarar sanyaya shi, kusan ba ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki.

Maman Ummi Ringim: Ni fa ɗana ne ya ce min wai a makaranta an ce musu gara 'yar uwar kyankyaso ce ba ta tururuwa ba, na ce ya rufe min baki

Habu Malamin Gona: Yaron ya yi gaskiya Hajiya, binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar, tun 2007 aka fito da hujjar cewa cikin dangin kyankyaso take. Tururuwa ma ita ce babbar abokiyar gabarta.

Maman Ummi Ringim: Innalillahi. Malam Habu ka ɓata min shinge, Allah ya isa hhh

Ɗan Fulanin Jahun: A dawo kan cire uwar. Kawuna ya sa an cire ta wani suri kusa da garke, aka nuna mana ita, shekara na zagayowa sai ga sabon gini a jikin tsohon. Don haka ni ban yarda yana mutuwa ba.

Sale Mai Shanu: Namu kuwa mutuwa ya yi murus, bai sake ko motsi ba

Habu Malamin Gona: Duka biyun suna faruwa. Yawanci in an cire ta da sarkin gidan yakan mutu, amma ba watsewa suke ranar ba, aiki za su ci gaba da yi har tsofaffi su ƙare babu sababbi, tururuwa kuma ta samu ƙofa ta gama da saura. Wani gidan kuma uwa fiye da ɗaya ce a ɗakin ko mai haƙa ya bar wata, wani lokacin in akwai masu fukafukin da ake reno a ciki sai wasu su gaje ta, shi ya sa haƙa gab da damina ya fi zama asara. Wani lokacin ma wata garar ce daban ta tare a kangon.

Bala Direba: Kuma Ɗan Taura ka tsaya a kansa ƙafa da ƙafa in zai haƙa, na ji ana cewa wasu da tasu uwar suke zuwa a aljihu, su ɗan yi tona su nuna maka su karɓi kuɗi

Baba Na Kazaure: Kuma a yi hattara da maciji. Suri in ya tsufa ko ya mutu ramukan nan gamsheƙa na son su, kar a sa hannu, kar a bar yara su tsaya kusa. Mutane na cewa aljanu, ni dai abin da na gani da idona maciji ne.

Alaramma Gaya: Baba duka a kiyaye, a yi bismilla kafin a sara. An ma hana yin fitsari a rami.

Garba Mai Gyaɗa Sumaila: Ni har yanzu ina kan bakana. Gonar jingina ce, shekara nawa zai yi a ciki da zai tsaya jiran suri ya gyara masa ƙasa? Wurin da ya cinye kunya nawa ne?

Ɗan Taura: Malam Garba zai kai kunya huɗu in aka haɗa da inda shanu ke juyawa. Amma maganarka ta tuno min wani abu, tunda jingina ce anya ina da ikon rushewa ban tambayi mai gonar ba? Don ɗan Baba Na Kazaure ne a ra'ayi, ko kuka ba ya bari a sassabe.

Alaramma Gaya: Ka tambaye shi tukuna, gonarsa ce.

Habu Malamin Gona: Kuma gero za ka sa ko gyaɗa? Don amsar tawa ta danganta da wannan

Ɗan Taura: Gero da wake, gyaɗa kaɗan daga gefen gabas

Garba Mai Gyaɗa Sumaila: To gyaɗar nan dai ka cire ta da wuri kar ka ce ban gaya maka ba

Maman Ummi Ringim: Ni dai in an tashi fasawa a sanar da ni in turo yara da bokiti, ina da 'yan zabi ƙanana ba abin da ke tashin su irin gara